Tanderun Yaya Seidu

Na san abin da ake gaya muku a gidajen dangi, kuma na san kunya ce ta hana ku zuwa ku tambaye ni. Ana cewa ni na sa aka sayar da gidan kakanku na unguwar Mamobi a nan Akara. Ana cewa baƙin ciki ne ya sa na tare wa Yaya Seidu hanya. Akwai ma masu cewa ɓacin ran da na jawo wa ubanku ne ya gaggauta masa. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa, ni ma ƙafata ɗaya tana can, don haka gara ku ji daga bakina yadda aka yi, sannan kowa ya riƙe abin da zuciyarsa ta ba shi.

Sai na fara da Yaya Seidu, don wanda bai san matsayinsa a wurina ba, ba zai gane nauyin abin da na yi ba. Babanmu ya rasu ina ƙarama, ko fuskarsa ban riƙe ba. Abin da ya bar mana shi ne gidan nan, ɗakunan kwano kewaye da tsakar gida, da famfo guda da dukan 'yan haya ke ɗiba. Yaya yana saurayi ya ɗauki gidan a kansa. Ya yi dako a tashar Tudu, ya yi yaron mota, ya zama direba, har Allah ya ba shi babbar mota ta kansa. Duk zanen da na ɗaura kafin aure daga guminsa ya fito. Shi ya fara kai ni bakin teku, ya riƙe hannuna gam lokacin da ruwa ya zo yana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafata. Kuma shi ya kawo ubanku gidanmu, abokinsa ne tun suna dako tare, ya ce wa Mma, mahaifiyarmu, ga mutumin da ya yarda da shi. Ban yi gardama ba, don ni ma na riga na ga Awudu, kuma ya kwanta mini a rai.

A Nima, nan kusa da Mamobi, aka haifi ubanku, amma mahaifinsa mutumin Najeriya ne. Da gwamnatin Gana ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa, sai aka lissafa shi cikin baƙi. Ina goye da Rabi ya hau mota ya tafi ƙasar da bai taɓa gani ba. Ya yi ta buga-buga a can har ya samu aiki a wani ramin kwal. Yana zuwa gida jefi-jefi, ni kuma na taɓa bin sa na yi damina guda a wurinsa. Abin da na gani a wannan daminar shi ne tushen duk maganar nan. Na ga rafi da ruwansa ya koma launin tsatsa, ko akuya ba ta sha. Kusa da barikin ma'aikata akwai gidan da ake ƙona kwal ɗin ana samar da lantarki, idan iska ta juyo sai toka ta yi ta sauka a kan shanya, a kan abinci, a kan fuskar jaririn da ke barci. Warin ba irin na gawayi ba ne, wani wari ne mai kama maƙogwaro kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a wuta. A layin da muka zauna kusan kowane ɗaki akwai namiji mai tari, kuma matan sun saba har ba sa juyowa. Wata maƙwabciyata ta nuna mini tsumman da mijinta ke tofa kaki a ciki, baƙi ƙirin, ta ce haka nasu yake, haka naki ma zai zama. Na dawo Akara da wannan maganar a kunnena, ban gaya wa kowa ba.

Shekaru suka ja, sai Najeriya ita ma ta tashi korar baƙi. A can kuma aka ce Awudu ɗan Gana ne. Haka ya dawo mana a bayan motar kaya, da buhu guda da tabarma, ya rame, kafaɗunsa sun tashi sama kamar mai jin sanyi. Idan ya hau tudun da ke tsakanin kwata da gidanmu sai ya tsaya ya dafa bango. Kakin kuwa, kamar yadda matar nan ta faɗa mini.

A shekarar ce sama ta riƙe ruwanta. Daji ya yi ta cin wuta, gonaki suka ƙone, abinci ya ɓace daga kasuwa. Mutane na bin layi su sayi ɗanyen kenke, wato ƙullin masara da ake naɗewa a ganye, su kai gida su dafa da kansu, don idan ka jira ya nuna ba za ka samu ba. Manya masu ƙiba ƙasusuwan wuyansu suka fito. Ruwan babbar madatsa ya ja baya, lantarki ya zama sai an ga dama. Siminti babu, gawayi ya yi tsada, itace sai wanda ya san wani. Ni sana'ata koko da ƙosai ce a bakin titi, kuma a shekarar kokona ya yi ruwa-ruwa har ina jin kunyar miƙa wa mutum. Ban da wannan, ni ce ke riƙe susun matan unguwa, wato adashinmu. Akwai na zagaye da kowa ke kwasa idan layinta ya zo, akwai kuma wanda muka daɗe muna tarawa a gefe ba a taɓawa sai don ciwo, ko mutuwa, ko gobara. Matan kasuwar Malam Atta da yawa suna ciki. Ba don na fi su wayo suka ba ni riƙo ba, sai don sun san ni ƙanwar Seidu ce, kuma gidanmu ba a taɓa jin mu da cin amana ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya shigo gida da fara'a, ya zauna a ƙofar ɗakin Mma, ya sa aka kira ni da ubanku. Ya kwance wani ƙyalle ya ajiye baƙin dutse mai sheƙi a kan tabarma. Mma ta ɗauka ta juya shi.

"Wannan wane irin gawayi ne mai nauyi haka?"

"Ba gawayi ba ne, Mma, kwal ne. Ki tambayi surukinki, ya fi ni saninsa."

Ubanku bai taɓa shi ba, kallonsa kawai ya yi. Yaya ya shiga bayani. Ya ce ya samu abokin ciniki da zai riƙa shigo da kwal ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Ya ce tunda siminti ya gagara, kowa zai koma gini da jan bulo, kuma bulo sai da wuta mai ƙarfi wadda itace ba zai iya ba. Zai gina babban tanderu a filin da ke bakin kwata, motarsa ta riƙa kawo yumɓu, samarin da aka koro daga Najeriya suna zaune ba aikin yi su samu abin yi. Filin da yake nufi kuwa shi kaɗai ne sarari a duk wannan ɓangaren na Mamobi. Nan muke shanya, nan muke baza gero, nan yara ke buga ƙwallo, kuma gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, taga na kallon taga.

"Abin da ya rage jari ne," in ji shi, yana kallona. "Na sa motata, na sa abin da na tara. Kuɗin matan nan da ke kwance a hannunki, Salamatu, a zuba shi a nan. Kowace za ta zama mai rabo a ciki. Kafin shekara ta zagayo sun ga riba."

Na ce, "Yaya, ka taɓa zama inda ake ƙona wannan abin?"

"Na zauna inda ake yunwa, kuma yanzu ma a ciki muke."

"Ni na zauna. Ba a ƙona shi a tsakiyar gidaje. Ko can da na gani, da tazara tsakaninsa da mutane, amma bai bar su ba."

Ya yi dariya irin wadda yake yi mini tun ina yarinya. Ya ce za a yi wa tanderun dogon bututu, hayaƙin ya wuce sama. Sannan ya juya wajen ubanku ya ce shi zai ba wa riƙon wutar, don duk Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, babu wanda ya san halin kwal kamarsa. Na ga fuskar Awudu ta canza. Tun da ya dawo ban ga ya ɗaga kai ya dubi namiji ido cikin ido ba sai ran nan.

Washegari ina wanke gero a bakin famfo ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ba ya son 'yan haya su ji, sai ya yi ƙasa da murya.

"Maman Rabi, kada ki hana."

"Kai da bakinka kake faɗin haka? Ka ji numfashinka kuwa?"

"Ni ai kwal ya riga ya gama da ni. Abin da ya ci ba zai amayo ba. Ki bar ni in ci wani abu daga gare shi kafin in tafi. Tun da na dawo ke ke ciyar da ni, yarana suna kallona ina zaune kamar tsohon kaya."

"To yaran fa? Su bai gama da su ba tukuna."

Ya miƙe a hankali, ya dafa gwiwa, ya koma ɗaki.

Ina so ku gane ban yanke shawara cikin zafin rai ba. Na yi kwanaki ina juya abin. Na san yunwa gaskiya ce, na san samarin nan suna bukatar aiki, na san Yaya ba mugu ba ne, da gaske yake son ya ga Zango ta tashi. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga layin barikin nan da matan da ba sa juyowa idan miji yana tari. Daga ƙarshe na je na gaya wa Yaya ba zan ba da kuɗin ba, kuma ba zan yi shiru ba. Na gaya masa a fuskarsa tun kafin in gaya wa kowa, don kada ya ji a waje.

Daga nan na fara shiga gida-gida. Idan na tashi daga sana'a da hantsi sai in yafa mayafi in bi lungu. Na yi magana a layin famfo, na yi a gidan suna, na yi a wajen zaman makoki, na bi rumfunan Malam Atta ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da boko, ba ni da wata takarda da zan nuna, abin da na gani kawai nake faɗa: rafin, tokar, warin, tsumman. Wasu suka saurara. Wasu suka ce yunwa na kashe mu yau, ke kina maganar hayaƙin da zai kashe mu baɗi. Wata ta ce mini a gaban mutane, duk wanda ya ci ya ƙoshi a gidan yayansa shi ke da bakin zaginsa. Wadda ta tsaya mini ita ce Mma Azumi, tsohuwa mai bandar kifi, wadda idanunta suka riga suka yi fari-fari.

"Ni hayaƙin itace kaɗai ya cinye mini ido," in ji ta. "In akwai wanda ya fi shi mugunta, ba na son jikokina su san shi. Ki wuce gaba, ina bayanki."

Ta riƙa bina tana dogara sanda, duk gidan da aka yi niyyar korata, ganin furfurarta sai a ba mu tabarma. A gida kuwa abin ya yi tsami. Matar Yaya ta daina amsa gaisuwata. Mma ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa.

"Wanda ya goye ki shi za ki tona wa asiri a titi?"

"Mma, ba shi nake yaƙa ba, tanderun nake yaƙa."

"Mutane ba su san bambanci ba. Ni ma da na haife ku ban sani ba."

Da maganar ta yi yawa sai sarkin unguwa ya ce a zo a zauna. Aka taru a ƙofar gidansa bayan la'asar, maza a kan benci da tabarmi, mu mata a tsaye daga baya. Yaya ya yi magana, kuma ya iya magana. Ya nuna samarin da ke jingine da bango, ya ce waɗannan in ba a ba su aiki ba, gobe su ne za su fasa ɗakunanku. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Sannan sarki ya ce ina matar da ke da ƙorafi. Ban taɓa magana a gaban maza masu yawa haka ba, amma na faɗi abin da na sani. Na ce ba na hana Yaya neman arziki, a kai tanderun bayan gari inda babu gidaje. Yaya ya ce bayan gari babu ruwa, babu tsaro, kuma kuɗin mota zai cinye ribar. Na ce to ga mijina nan zaune, duk kuna jin tarinsa a sahun salla, ku tambaye shi abin da ya mai da shi haka.

Sarki ya juya wajen ubanku.

"Malam Awudu, ka ji abin da iyalinka ta ce. Kai ka yi aikin nan. Tarin nan naka, kwal ne ya sa maka shi?"

Ubanku ya sunkuyar da kai ƙasa. Yaya na gefensa, ni ina can baya ina kallon ƙeyarsa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "taba ce. Na sha taba da yawa a can."

Ubanku bai taɓa sa taba a bakinsa ba, ko goro bai dame shi ba. Yaya ya sani, ni na sani. Wasu samari suka yi dariya, wani dattijo ya ce a yi wa mata haƙuri, tausayi ne ke ruɗa su. Sarki ya ba da fili. Mma Azumi ta kama hannuna ta ja ni muka fita, don ni kaina ban san ta inda zan bi ba.

Abu ɗaya ya rage a hannuna, shi ne kuɗin. Na tara matan a tsakar gidan Mma Azumi, na ce musu sarki ya ba da fili, amma bai ba da guminku ba. Duk wadda take son ta zuba nata a tanderu, ta zo in ba ta rabonta ta kai da hannunta, ba zan riƙe wa kowa ba. Amma in ɗauki asusun gaba ɗaya in miƙa, ba zan yi ba, sai dai ku tsige ni ku naɗa wata. Kaɗan suka karɓa suka kai. Yawancinsu suka bari. Ban ce duk sun yarda da maganata ba ne, wasu tsoron asara ne kawai. Amma wata da muke ɗaki kusa da kusa ta tsaya bayan an watse, ta ce mini, katangarmu ɗaya da ku, na san tarin taba, kuma na san mijinki ba ya sha.

Da jarin bai cika ba, Yaya ya tafi banki. Suka ce sai da jingina. Ya kawo takardun gidan Baba, Mma ta dangwala yatsa. Ni ba a tambaye ni ba, daga baya na ji. Ranar da na je masa da maganar yana tsaye a bakin motarsa, bai ko dube ni ba. Ya ce wa yaron motarsa ya gaya wa matar nan ta kwashe kayanta daga gidan ubansa kafin wata ya mutu. Haka muka koma ɗaki guda na haya a Nima, wanda ku manyan kuna tunawa, mai yoyo ta kusurwar gabas.

Aka gina tanderun. Bututun da aka ce zai kai hayaƙi sama bai fi tsayin bishiyar mangwaro ba, don kuɗin bulon da za a ƙara masa ya ƙare. Ranar da aka kunna wuta aka yanka rago. Kafin sati ya zagayo warin nan da na sani ya cika Mamobi, idan iska ta taso daga teku har Nima yake isowa. Mata suka daina shanya a waje. Ina rufe tukunyar koko da faranti biyu amma sai in ga baƙin gari yana yawo a kai. Ban daina ba. Ni da Mma Azumi muka je wajen 'yan tankas, masu duba tsabtar gari, muka yi ta zarya. Suka zo sau ɗaya, suka zagaya, suka rubuta abin da za su rubuta, ba mu sake ganinsu ba. Waɗanda suka yi mini dariya a layin famfo suka fara zuwa suna cewa a yi wani abu, yaransu ba sa barci don tari. Na ce musu ku zo mu koma wajen sarki tare. Sai kowa ta ce mijinta ba zai bari ba, ko ɗanta yana aiki a wurin.

Abin da ya fi yi mini ciwo ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ubanku ya yi farin ciki a watannin nan. Yana fita da sassafe, ya dawo baƙi ƙirin, idanu kawai ke haske, amma yana tafe yana gaisawa da mutane da ƙarfi. Samari na kiransa Oga. Ran da aka fara biyansa ya sayo muku burodi da sukari a lokacin da sukari ya fi zinariya wuya, ya zauna yana kallonku kuna ci. Ni ce ke wanke kayan aikinsa, ruwan ya koma kamar tawada. Ba mu taɓa tayar da maganar gidan sarki ba. Da safe ina fita yaƙar tanderu, da yamma ina dafa wa mai hura shi ruwan wanka. Haka muka zauna.

Bai kai shekara ba ƙirjin ya kayar da shi. Aka kai shi asibiti, suka ce huhun ya riga ya tafi, a mai da shi gida. Ba ya iya kwanciya, sai dai a jingina shi da bango a tara masa matasai. Wata rana da azahar, kun tafi makaranta, ina ba shi ruwa da cokali, ya riƙe wuyan hannuna.

"Ba ki yi ƙarya ba ran nan."

"Na sani."

"Na so in faɗa. Na buɗe baki da niyyar in faɗa. Sai na ga in na faɗa, zan tashi daga wurin ba ni da komai a duniya sai tarin."

Na ce masa ya daina magana, numfashi yake ci masa. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe tun a ranar, kuma gaskiya na faɗa, ko da yake yafewar ba ta hana ni jin zafin ba har yanzu. Ya rasu da farkon damina. Yaya ya zo, da shi aka yi wanka, shi ya kama gaban makara, kuma an ce a maƙabarta ya yi kuka har sai da aka riƙe shi. Amma bai shigo inda nake zaune ba.

Kada wani ya gaya muku ni na kashe tanderun, ban isa ba. Ruwan sama ne ya dawo, madatsa ta cika, siminti ya sake shigowa kasuwa, mutane suka koma ginin da suka saba. Abokin cinikin nan ya daina kawo kwal, jan bulo ya taru a fili har ciyawa ta fito a tsakaninsa. Wutar ta mutu da kanta. Banki ya jira iya jiransa, sannan ya sa gidan Baba a kasuwa. Yaya ya sayar da motar, bai isa ba. Ya kwashi Mma da iyalinsa suka koma haya a unguwar Malam, can bakin hanyar Winneba. A can Mma ta rasu. Ina zuwa gaishe ta idan na san ba ya nan, tana karɓar abin da na kawo, amma ba ta taɓa taka ɗakina ba. Asusun matan kuwa yana nan, da shi aka yi wa Mma Azumi sutura, da shi aka kai yara da yawa asibiti a shekarun da suka biyo baya, wasunsu da ciwon ƙirji. Ko tanderun ne ya sa musu, ko ba shi ba ne, Allah ne ya sani, ni dai ban taɓa cewa na tabbata ba.

Mun yi shekaru masu yawa ni da Yaya ba mu yi magana ba. Idan muka haɗu a biki ko makoki sai ya kau da kai, ni kuma in gaishe shi duk da haka, gaisuwar ta faɗi ƙasa. Har sai da ciwon ajali ya kama shi, matarsa ta aiko mini cewa in ina son in gan shi in zo. Na hau trotro, motar haya, na tafi. Na same shi a kan katifa a ƙasa, mutumin da ke ɗaga buhun masara da hannu ɗaya ya koma kamar yaro. Na durƙusa na ce, Yaya, ina wuni. Ya daɗe yana kallona, har na ɗauka bai gane ni ba.

"Kin tsufa," in ji shi.

"Na tsufa, Yaya."

Ya ɗaga ido yana kallon rufin ɗakin da ba nasa ba.

"Da kin ba ni kuɗin nan, da ban kai gidan Baba banki ba."

"Haka ne."

"Da Mma ta mutu a ɗakinta."

"Haka ne, Yaya."

"Kuma da za a mai da mu baya yau, ba za ki bayar ba."

Na so in yi masa ƙarya. Mutum ne a bakin kabari, kalma ɗaya ce, ba wanda zai ji sai matarsa. Amma na riga na ga abin da irin wannan ƙaryar ta yi wa wanda ya faɗe ta.

"Ba zan bayar ba."

Ya lumshe ido. Na zaci zai ce in tashi in fita. Sai ya matsar da ƙafafunsa gefe a hankali, ya bar wuri a bakin katifar.

"Tashi daga ƙasa," ya ce. "Simintin nan da sanyi."